KWANA HUƊU A DAKAR DA TSIBIRANTA: YADDA ƊAN KASUWA ZAI TSARA TAFIYARSA

Shekara da shekaru, idan ɗan kasuwar ƙasar nan ya ce zai fita waje neman haja ko abokin ciniki, abin da ake ɗauka shi ne Dubai ya nufa, ko Jidda, ko Istambul, ko kuwa ƙasar Sin. To, amma tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da aka sakar wa kasuwa ikon yanke darajar naira, kuɗin tikiti da na biza da na masauki a waɗannan wurare sun yi tashin gwauron zabo. Wannan ya sa ya zama wajibi a waiwayi biranen da ke gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda fasfo ɗin Nijeriya ke shiga ba tare da biza ba. Ɗaya daga cikin manyan biranen nan shi ne Dakar, babban birnin ƙasar Senegal, wanda ke zaune a kan wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, ga kuma ƙananan tsibirai a gefensa, wato Gore da Ngor da Madelen.

Abin da wannan sharhi ke son nunawa shi ne, a gajeriyar tafiya irin ta kwana huɗu, lokaci ne babban jari. Kuɗin jirgi an riga an biya shi, ko mutum ya gana da mutum goma ko bai gana da kowa ba. Saboda haka duk yinin da ya salwanta a kan hanya, ko a bakin ofishin da aka rufe, ko a tashar jirgin fito, rubu'in kuɗin tafiyar ne ɗungurungum ya bi ruwa. Wanda ya fahimci haka tun daga gida zai iya haɗa harkarsa da ziyarar tsibiran ba tare da ɗaya ta ci ɗaya ba.

Me Ke Dakar?

Ƙidayar shekarar 2023 ta nuna cewa Senegal na da mutum sama da miliyan 18, kuma kusan miliyan 4 daga cikinsu suna yankin Dakar ne, duk da cewa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin yankunan ƙasar. A nan ne hedkwatar Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, mai buga kuɗin sefa, take. A nan ne kuma babbar tashar jiragen ruwa take, wadda ba Senegal kaɗai take yi wa aiki ba, domin kuwa wani babban kaso na kayan da ƙasar Mali ke shigowa da su daga ƙetare ta nan yake bi. Kamfanin DP World na Dubai ne ke gudanar da sashen kwantena na tashar tun shekarar 2008, kuma a watan Janairu na 2022 aka aza harsashin wata sabuwar tasha mai zurfi a Ndayan, kudu da birnin.

Kayan da ƙasar ke fitarwa sun haɗa da zinariya da kifi da siminti da gyaɗa da sinadarin da ake samu daga ma'adinin fosfat, wanda ake haɗa takin zamani da shi. A watan Yuni na 2024 ta shiga sahun ƙasashe masu haƙo man fetur, bayan da aka fara ɗibar mai a rijiyoyin Sangomar da ke cikin teku. Hulɗarta da Nijeriya ba sabuwa ba ce. Matatar manta da ke Mbawo ta daɗe tana sayen ɗanyen man Nijeriya, bankin UBA na da rassa a can, kuma simintin Ɗangote da ake yi a masana'antar garin Put, mai iya fitar da tan miliyan 1.5 a shekara, yana kasuwar ƙasar tun 2015.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka komai lafiya lau ne. A watan Fabrairu na 2025 kotun binciken kuɗi ta ƙasar ta bayyana cewa bashin da ake bin gwamnati a ƙarshen 2023 ya kusa daidai da duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara, wato ya zarce abin da aka sanar tun farko nesa ba kusa ba. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, wanda ke hangen kwangilar gwamnati ya yi taka-tsantsan game da lokacin biya. Wanda kuwa zai yi hulɗa da 'yan kasuwa 'yan uwansa, wannan bai taɓa shi kai tsaye ba.

Takardu Da Hanya

Yarjejeniyar zirga-zirga ta Ƙungiyar Haɓaka Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, wadda aka sanya wa hannu a 1979, ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Abin da ake bukata shi ne fasfo mai sauran wa'adi da katin shaidar allurar rigakafin cutar shawara. Wannan kati kada a raina shi, domin rashinsa kan jawo tsaiko a filin jirgi, kuma ga wanda bai taɓa yin allurar ba, shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yi. Ke nan ba abin da za a bari sai daren tafiya ba ne.

Hanyar mota ta arewa, wadda ke ratsa Nijar da Burkina Faso da Mali, ba ta dace da gajeriyar tafiya ba. Ga nisa, ga matsalar tsaro, ga shi kuma ƙasashen uku sun kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Jirgin sama shi ne mafita. Daga Legas zuwa Dakar tafiyar kimanin sa'a uku da rabi ce idan jirgi bai tsaya ba. Tun bayan durƙushewar kamfanin Air Afrique a 2002 da Nigeria Airways a 2003, matafiya da yawa kan bi ta Lome da jirgin ASKY ne, ko ta Abidjan da Air Côte d'Ivoire. Mutumin Kano ko Kaduna ko Sakkwato sai ya fara sauka Abuja ko Legas, don haka ya lissafa yini guda cur na zuwa da wani na dawowa. Kwana huɗun da ake magana a kai ban da waɗannan biyun ne. Tikitin da ya fi araha amma ya ajiye mutum sa'a goma a wani filin jirgi, ba araha ba ne ga wanda ke da alkawari washegari.

Wani abu da kan ba baƙo mamaki shi ne nisan filin jirgi. Tun watan Disamba na 2017 aka mai da jiragen fasinja sabon filin Blaise Diagne, wanda ke wajen kilomita 50 daga tsakiyar gari. Akwai babban titi na biyan kuɗi da ya haɗa su, amma kasancewar Dakar zirin ƙasa ce mai ƙofa ɗaya, cunkoson safe da na yamma kan ninka lokacin tafiya. Jirgin ƙasa na zamani da aka buɗe a watan Disamba na 2021, wanda kashinsa na farko ya haɗa tsakiyar gari da sabon birnin Jamniyajo mai nisan kilomita 36, da kuma manyan motocin bas masu aiki da lantarki da suka fara jigila a 2024, sun rage wahalar. Duk da haka, dabara ita ce a kama masauki a unguwar Filato ko kusa da ita, inda bankuna da ofisoshi da tashar jirgin fito suke. Ɗakin da ya fi sauƙin kuɗi a bayan gari, a taksi da ɓata lokaci ake biyan cikon. A kuma tuna cewa agogon Dakar yana bayan na Nijeriya da sa'a ɗaya.

Sha'anin Sefa

Tun shekarar 1999 darajar sefa a ɗaure take da kuɗin yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Kafin nan da faran na Faransa aka ɗaure ta, kuma a nan Dakar ne, a watan Janairu na 1994, aka yanke shawarar karya darajarta da rabi, abin da 'yan kasuwar kan iyaka na wancan zamani ba za su manta ba. Amfanin wannan ɗauri ga mai tsara tafiya shi ne lissafi ya zo da sauƙi: yuro 100 daidai yake da sefa 65,596, sefa 10,000 kuma ta ɗan haura yuro 15. Don haka a rubuta kasafin tafiya da sefa, ba da naira ba. Wanda ya rubuta da naira wata guda kafin tashi, yana iya tarar da lissafin ya canja ranar da ya je wurin 'yan canji.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. Sefa iri biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda ƙasashe takwas ke amfani da ita, wato Senegal da Nijar da Benin da Togo da Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Gini Bisau. Akwai kuma ta Afirka ta Tsakiya, ta su Kamaru da Cadi da Gabon. Darajarsu ɗaya ce a kan yuro, amma takardunsu daban, kuma mai shago a Dakar ba zai karɓi ta Kamaru ba. Sefar da ake kashewa a Maraɗi da Damagaram ita ce ake kashewa a Dakar. Duk wanda zai yi canji a Wapa ta Kano ko wani wuri, ya duba takardun da kyau kafin ya bar wurin. Haka kuma dokar Nijeriya ta wajabta wa matafiyi ya bayyana wa jami'an kwastan duk kuɗin da ya haura dala 10,000 ta Amurka ko kwatankwacinta. Ɓoyewa na iya jawo asarar kuɗin baki ɗaya.

Wani abin lura shi ne yadda ake ƙirga kuɗi a kasuwa. Kamar yadda Hausawan Nijar ke ƙirga sefa da dala, kowace dala sefa 5, haka masu jin harshen Wolof ke ƙirgawa da abin da suke kira derem, shi ma sefa 5. Idan mai kaya ya ce ɗari da Wolof, sefa 500 yake nufi, idan ya ce dubu, 5,000 ke nan. Bamaraɗe ba zai ruɗe ba, amma Bakano na iya ɗauka ya yi tsintuwa. Maganin wannan shi ne a rubuta farashi da alƙaluma a takarda ko a kan waya kafin a ce an sallama. Biyan kuɗi ta waya, musamman ta Wave da Orange Money, ya yaɗu ƙwarai a birnin, har wurin 'yan taksi da ƙananan masu shaguna.

A Duba Kalanda Kafin A Sayi Tikiti

Babu kuskuren da ya fi tsada irin sauka a Dakar a makon da masu gari suka yi tafiya. Kowace shekara, ranar 18 ga watan Safar, mabiya ɗariƙar Muridiyya kan yi tururuwa zuwa birnin Tuba don bikin da ake kira Magal, na tunawa da korar da Turawan Faransa suka yi wa Shehu Ahmadu Bamba zuwa Gabon a 1895. Miliyoyin mutane ke halarta. Da yake Muridawa ne ke riƙe da wani babban ɓangare na ciniki da sufuri a Dakar, kasuwanni kan zama wayam na kwanaki. Bayan makonni kaɗan kuma sai Maulidi, lokacin da Tijjanawa ke tafiya Tiwawan da Kaulaha. Babbar Salla, wadda suke kira Tabaski, ita ma kan kwashe mutane zuwa garuruwansu, ko da yake makonnin da suka gabace ta su ne kakar masu shadda da teloli. Da yake waɗannan ranaku na kalandar Musulunci ne, kowace shekara sukan matso da kimanin kwana 11, don haka lissafin bara ba zai yi aiki bana ba.

Ta fuskar yanayi, damina kan sauka daga Yuli zuwa Oktoba, da zafi mai gumi da ambaliya a wasu unguwanni. Daga Disamba zuwa Afrilu kuwa iskar teku kan sanyaya garin, har mutum ya bukaci rigar sanyi da dare. Wanda ke son ganin kayan ƙasashe da yawa a wuri ɗaya sai ya daidaita tafiyarsa da babban baje kolin duniya na Dakar, wanda aka saba yi a ƙarshen shekara, amma ya kama ɗaki da wuri, domin duk wani babban taro kan ɗaga kuɗin otal.

Yadda Za A Raba Kwanakin

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a sauka ranar Talata, a yi harka Laraba da Alhamis, a raba Juma'a biyu, a ba tsibirin Gore ranar Asabar, a tashi Lahadi. Hikimar ita ce, ofisoshi da bankuna suna da ranakun aiki, tsibiri kuwa yana nan kullum. Ba a ba tsibiri ranar da banki ke buɗe.

Ranar farko ta ofisoshi ce. Majalisar 'yan kasuwa ta Dakar tana Dandalin 'Yancin Kai a tsakiyar Filato, akwai kuma hukumar jawo masu zuba jari ta APIX da aka kafa a shekarar 2000, da ofishin jakadancin Nijeriya. Harshen aiki Faransanci ne, na kasuwa kuwa Wolof. Wanda ba ya jin ko ɗaya ya nemi tafinta tun daga gida, kuma kada tafintan ya zama yaron wanda za a yi ciniki da shi. Dokokin kasuwanci na Senegal na tsarin bai ɗaya ne na ƙungiyar OHADA, wanda Nijar da Cadi da Kamaru ma ke bi, kuma ya bambanta da wanda Nijeriya ta gada daga Ingila. Kada a sa hannu a kan takardar da ba a fassara ba. Mai masana'anta da ke son shigar da kayansa ba tare da harajin kwastan ba, a ƙarƙashin shirin sassauta ciniki na ECOWAS, ya sani cewa sai an amince da kamfaninsa da kayansa tun daga Nijeriya, an kuma ba shi takardar shaidar asalin kaya. Ko da an yafe harajin kwastan, harajin ƙarin daraja na kashi 18 cikin 100 yana nan.

Rana ta biyu ta kasuwanni ce. Unguwar Sandaga ita ce cibiyar ciniki ta tsakiyar gari, duk da cewa an rushe tsohon ginin kasuwar don a sake gina shi. Kasuwar HLM ita ce ta shadda da leshi da atamfa da ɗinki, kuma ɗan Kantin Kwari zai ga abubuwan kwatantawa da yawa a can, tun daga farashin yadi har zuwa salon aikin wuya. Sumbejun kuwa wurin masu aikin hannu ne, na fata da sassaƙa da ƙira, ga kasuwar kifi a bakin ruwa da yamma. Mutanen Senegal na alfahari da karɓar baƙi, abin da suke kira teranga, kuma ba a fara ciniki sai an yi doguwar gaisuwa. Bahaushe ba ya bukatar a koya masa wannan. Idan aka gayyace shi cin cebujen, wato dafa-dukan shinkafa da kifi, ya amsa, domin sau da yawa a bakin akushi ake ƙulla abin da ofis bai ƙulla ba.

Safiyar Juma'a a ajiye ta don komawa wurin waɗanda aka gana da su, a karɓi samfur, a tabbatar da farashi a rubuce. Sallar Juma'a ana iya yin ta a Babban Masallacin Dakar da aka buɗe a 1964, ko a Masalikul Jinan na Muridawa da aka buɗe a 2019. Bayan salla sai a nufi Ngor.

Ngor Da Madelen

Tsibirin Ngor yana arewa maso yammacin birnin, dab da tsinin Almadi, wanda shi ne ƙarshen nahiyar Afirka ta yamma. Tsakaninsa da gaɓa 'yan ɗaruruwan mitoci ne, kuma kwalekwale mai inji kan ƙetare cikin 'yan mintoci. Babu mota a cikinsa. Rabin yini ya isa a zaga shi, a ci gasasshen kifi, a dawo kafin magariba. Ƙauyen da ke fuskantarsa na Lebu ne, masunta waɗanda su ne 'yan asalin wannan zirin ƙasa. Mai ido a kan tattalin arziki zai ga abin nazari a nan. Kamun kifi na ciyar da dubban ɗaruruwan mutane a Senegal, amma masunta sun daɗe suna kukan cewa manyan jiragen ƙetare sun kwashe kifin, kuma irin waɗannan kwalekwale ne matasa ke hawa zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, inda da yawa ke halaka a hanya. A watan Nuwamba na 2024 yarjejeniyar kamun kifi tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ta ba.

Tsibiran Madelen kuwa suna yamma da birnin, wajen kilomita 4 daga gaɓa. Ba kowa ke zaune a cikinsu, kuma tun 1976 aka mai da su gandun da gwamnati ke karewa, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Duwatsu ne baƙaƙe da tsuntsayen teku da wasu gajerun itatuwan kuka da iska ta hana su miƙewa. Daga Sumbejun ake tashi, da izinin ma'aikatan gandun, kuma babu shago ko rumfa a can, sai abin da mutum ya tafi da shi. Idan teku ta yi fushi ba a zuwa. Saboda haka Madelen ta mai kwana biyar ce. Mai kwana huɗu ya haƙura, domin ba a tauna taura biyu a lokaci guda.

Darasin Gore

Gore tana gabas da tashar jiragen ruwa, tafiyar kimanin minti 20 a jirgin fito. Tsawonta mita 900 ne, faɗinta kuma wajen mita 300, mazaunanta ba su kai 2,000 ba. Ana bukatar fasfo ko katin shaida wajen sayen tikiti, kuma kuɗin fito hawa-hawa ne: na mazauna ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na baƙin wasu nahiyoyi daban. Ɗan Nijeriya ya nuna fasfo ɗinsa don kada a caje shi kuɗin Bature. Ranar Asabar akwai cunkoso, don haka a bi jirgin safe, kuma da an sauka a duba lokacin jiragen komawa. Ranar Litinin gidajen tarihi kan kasance a rufe.

Turawan Fotugal ne suka fara isa tsibirin a 1444, daga baya Turawan Holan suka karɓe shi suka ba shi sunan da ya rikiɗe ya zama Gore, sannan Faransawa suka ƙwace shi a 1677. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1978. Abin da ya fi jan baƙi shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776, mai ƙananan ɗakuna masu duhu a ƙasa da wata ƙofa da ke buɗewa kai tsaye ga teku. Nelson Mandela da Fafaroma John Paul na Biyu da shugabannin Amurka irin su Bill Clinton da Barack Obama duk sun tsaya a wannan ƙofa. Masana tarihi da dama, ciki har da Philip Curtin, sun nuna cewa yawan bayin da aka fitar ta Gore bai kai na tashoshi irin su Wida da Boni da Luwanda ba. Wannan bai rage nauyin wurin ba. Duk ɗan kasuwar da ya tsaya a cikin waɗannan ɗakuna zai tuna cewa an yi zamanin da ake rubuta ɗan Adam a littafin haja, ana lissafa ribarsa da asararsa, kuma da hannun dillalai na cikin gida aka yi.

Akwai darasi na biyu wanda masu yawon buɗe ido ba su cika kula da shi ba. Gore ta yi arziki ne saboda jiragen ruwa na da suna bukatar mafaka mai tsaro kusa da gaɓa. Da aka haramta bauta a yankunan Faransa a 1848, gyaɗa ta zama babbar haja, sai ciniki ya bukaci fili da rumbuna da hanyar shiga cikin ƙasa, abubuwan da tsibiri mai mita 900 ba shi da su. Aka kafa Dakar a 1857, aka haɗa ta da San Luwi da layin dogo a 1885, ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma a 1902. Attajiran Gore da suka ƙaura suka ci gaba, waɗanda suka zauna suna jiran jiragen da suka saba kuwa, gidajensu ne baƙi ke ɗaukar hoto a yau. Mutanen Kano sun san irin wannan labari, domin isowar jirgin ƙasa a 1911 ita ce ta juya fuskar cinikinsu daga Sahara zuwa teku. Kasuwa hanya take bi. Wanda ya ga sabon filin jirgi da sabon birnin Jamniyajo da tashar Ndayan, duk a waje da tsohon gari, ya kamata ya tambayi kansa inda Dakar ta gobe za ta kasance kafin ya kama shago ko rumbu.

Kafin a bar tsibirin, a leƙa ginin tsohuwar makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda ta zauna a nan daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930. Cikin waɗanda makarantar ta yaye akwai Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da Modibo Keita na Mali. Blaise Diagne ma, wanda filin jirgi ke ɗauke da sunansa, a Gore aka haife shi a 1872, kuma shi ne baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar dokokin Faransa, a 1914.

Teku Ba Ta Bin Agogon Kowa

Mutanen Senegal ba su manta da ranar 26 ga Satumba, 2002 ba, lokacin da jirgin Joola, wanda ya taso daga Ziginshor zuwa Dakar, ya kife a gaɓar Gambiya. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 suka rasu, a jirgin da aka ƙera don ɗaukar mutanen da ba su kai 600 ba. Ga mutumin tudu wanda bai iya iyo ba, ƙa'idojin ba su da yawa: ya sa rigar kariya daga nutsewa ko da tafiyar minti biyar ce, kada ya hau kwalekwalen da aka cika maƙil, kada ya ƙetare da duhu, ya kuma sa fasfo da waya a cikin leda. Sannan kada ya taɓa sanya ziyarar tsibiri a ranar da jirginsa zai tashi. Jirgin fito na iya jinkiri, filin jirgi na da nisan kilomita 50, kuma sabon tikiti ya fi duk kuɗin otal na tafiyar.

Haka nan mutane da yawa za su so su kai ziyara Madina Baye a Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, wanda dangantakarsa da Kano ta faro tun haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin Hajji a 1937. Kaulaha na da nisan kusan kilomita 190 daga Dakar. Mai wannan niyya ya ƙara kwana biyu a kan huɗun, ya yi ziyararsa a natse, ya kuma ga kasuwar gyaɗa da gishiri ta garin. Cusa ta cikin kwana huɗu zai ɓata ziyarar, ya ɓata cinikin.

Bayan an dawo gida, sai a zauna a yi lissafi irin na shago. A haɗa kuɗin jirgi da masauki da abinci da tafinta da fito, a raba da yawan mutanen da aka gana da su waɗanda za su amsa waya idan an kira. Wannan shi ne ainihin farashin kowane abokin ciniki da aka samo. Idan a tafiyar farko ba a sayi ko yadi ɗaya ba, amma an dawo da farashi a rubuce, da sunan amintaccen wakilin fitar da kaya a tasha, da sanin watan da ya dace a koma, to, kuɗin bai faɗi a banza ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, sai dai zuwan da aka tsara tun daga gida ne ke dawowa da riba.